Huɗu Bisa Huɗu

Cikin akwatin ƙarfen Baba Nomau,
ƙarƙashin kakin da asu ya fara ci,
akwai littafin da babu kalma ko ɗaya:
layi biyar-biyar kamar kunyoyin gona,
da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya,
sai ka ce talibambam a kududdufin Bagalam.

A bakin layi, huɗu na zaune bisa huɗu.
A wani shafin kuwa babu lamba,
sai jinjirin wata da ya ba hagu baya.
Ya ce duk abu guda ne,
Nasara ne da son raɗa suna biyu.

Shekara ashirin da shida ya yi
yana busa bigila a bayan tuta.
Da ya aje kaki, sai ya ɗauke ni soja,
ni da ban kai tsayin turmi ba.
Ya ce: "Dubi wannan tsayayyen layi, bango ne.
Daga bango zuwa bango ɗaki guda,
kowane ɗaki baƙo huɗu yake ci.
Na farko shi ne mai gida, taka shi da nauyi.
Tiya ce, yaro. Ba ragi, ba gyara."

Inna Tabawa tana jin mu daga gindin bedi,
su uku a kan turmi ɗaya.
Ta ce: "Zo ka ƙirga luguden nan, Sarja,
in ga ɗakin da za ka sa shi."
Ya ƙirga, ya ɓace. Ya sake, ya ɓace.
Haka kalangun mahauta ya yi masa ran Juma'a,
yana sulluɓe masa tsakanin biyu da uku
kamar tarwaɗa a hannun yaro a Gulbi.
Bai ji haushi ba. Ya ce kowa da tiyarsa,
amma da tawa na ci abinci.

Abin da ya fi ba ni wuya
wata ƙugiya ce mai kama da tsutsar gyaɗa.
A nan ba a busa, ba a bugu.
Na ce to mu tsallake ta mana.
Ya ja kunnena har na ga taurari:
"Shiru ma baƙo ne, da tabarmarsa.
Ƙirga shi."

Ban gaji bigila ba.
Garejin hanyar Ɗan Isa ya ɗauke ni,
ina kwance cikin baƙin mai tun hantsi.
Amma in ɗan kabu-kabu ya turo babur
ba na fara taɓa sifana, kunne nake sawa:
ta shaƙa, ta matse, ta fashe, ta fitar.
In ɗaya ya makara, ƙafata ke fara sani.

Shekarar da ɓarin jikinsa ya mutu
tafiyarsa ta koma uku:
sanda, ƙafa, sai jan ƙafa.
Daga zaure zuwa masallaci nakan bi shi a baya,
in ga leɓensa yana motsi bayan na ukun.
Yana barin gurbi.
Bai yarda ɗakin ya rage ba.

Ran Talata bayan azahar muka jera a bayansa,
wannan karon shi ne a gaba, kwance.
Liman ya ɗaga murya sau ɗaya. Shiru.
Sau biyu. Shiru.
Ban so in ƙirga ba, Allah ya sani,
wuri ne na addu'a,
amma babban yatsana ya motsa a cikin ƙasa.
Uku.
Huɗu.
Aka sallame, aka gina bango.

Littafin yana wurina, shafinsa ya sha mai.
Ɗiyata Baraka ta buɗe shi jiya,
ta ɗora yatsa a kan ƙugiyar nan
ta ce, wannan fa, me yake cewa?
Na buɗe baki.
Sai na bar ta ta saurara.